Sarkin Kano Muhammadu Abbas Maje Nasarawa

Mutumin da ya taso daga Unguwa Uku ko Gyadi-Gyadi ko Tarauni ya nufi wajen Gidan Gwamnati, ba zai rasa ganin gidan Sarki na Nasarawa ba. A wannan gida ne Sarkin Kano Muhammadu Abbas ya rasu cikin shekarar 1919, a nan kuma aka yi masa makwanci, shi ya sa ake ce masa Maje Nasarawa. Shi ne sarki na farko da Turawan Ingila suka naɗa a Kano bayan sun ci garin, ya kuma yi shekara 16 a kan gado.

In aka zauna hirar zuwan Turawa, sunayen waɗanda suka yi shahada ake fara ambata, irin su Sarkin Musulmi Attahiru da Wazirin Kano Ahmadu da Sarkin Haɗeja Muhammadu, kuma sun cancanci haka. Abbas kuwa wata hanya ya bi. Ya komo da jama'a gida, ya karɓi sanda daga hannun wanda ya ci garinsa, sa'an nan ya ƙare sauran kwanakinsa yana ja-in-ja da Turawa a kan iyakar ikonsu da nasa. Abin da ya kamata masu karatu su auna shi ne me wannan hanya ta tsirar wa Kanawa, me kuma ta jawo musu.

Asalinsa da Basasa

Abbas ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne, wanda ya hau gado cikin 1855, jika kuma ga Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Ya tashi a gida mai 'ya'ya da yawa, a zamanin da Kano take ƙarƙashin Sakkwato, ba a naɗa mata sarki sai da yardar Sarkin Musulmi.

Da Sarki Abdullahi ya rasu sai sarauta ta koma hannun ɗan'uwansa Muhammadu Bello, wanda ya yi ta tuɓe 'ya'yan Abdullahi daga muƙamansu yana naɗa nasa. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba ɗansa Tukur sarauta, alhali kuwa yawancin manyan gari Yusufu ɗan Abdullahi suke so. Yusufu da 'yan'uwansa suka fita daga birni suka kafa sansani a Takai, Abbas yana cikinsu. Wannan shi ne mafarin yaƙin Basasa. Yusufu ya rasu a Garko kafin a ci nasara, aka ba ƙanensa Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, jagorancin rundunar. Yusufawa suka shiga Kano cikin 1894, aka kashe Tukur cikin 1895, Alu ya tabbata a kan gado, ya naɗa ɗan'uwansa Abbas Wamban Kano.

Watau ke nan kafin Abbas ya ga bindigar Bature ya riga ya ga abin da yaƙi yake yi wa ƙasa. Ya ga garuruwan da aka ƙone a Basasa, ya ga 'ya'yan Musulmi da aka kama aka sayar, ya ga gidajen da aka raba da masu su. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin shawarar da ya yanke bayan shekara takwas ba.

Zuwan Turawa

Ran 1 ga watan Janairu 1900, a Lakwaja, Lugard, wanda Hausawa suke kira Gwamna Lugga, ya yi shelar cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyar Ingila, ba tare da an shawarci Kano ko Sakkwato ba. Kafin nan Faransawa sun riga sun kama Damagaram cikin 1899. Bida da Kwantagora da Yola suka faɗi cikin 1901, Bauci da Zariya cikin 1902. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugga ya riƙe wannan a matsayin hujja.

A farkon 1903 Alu ya tafi Sakkwato da mafi yawan dawakin Kano domin ya yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a, Waziri Ahmadu da Wambai Abbas suna tare da shi. Suna can Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji baƙar fata sama da 700 da manyan bindigogi. Ya fasa Bebeji ran 1 ga watan Fabrairu, ran 3 ga wata ya shiga Kano ta wajen Ƙofar Kabuga. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya tsaya da mutanensa a fada har aka kashe shi.

Labari ya riski Kanawa suna kan hanyar komowa. A Birnin Goga Sarki Alu ya rabu da rundunar da dare ya yi arewa, daga baya aka kama shi a ƙasar Gobir aka miƙa shi ga Turawa, suka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu cikin 1926. Da gari ya waye ba sarki, rundunar ta rabu gida biyu. Waziri Ahmadu ya zaɓi yaƙi, ya gamu da sojojin Turawa a wajen Kwatarkwashi, cikin Jihar Zamfara ta yanzu, a ƙarshen watan Fabrairu, ya yi shahada tare da mayaƙa masu yawa. Wambai Abbas ya tattara sauran jama'a, dubban mutane, mahaya da 'yan ƙasa da mata da bayi, ya nufo gida da su. A farkon watan Maris suka iso Ƙofar Kansakali, suka ajiye makamai, Lugga ya bar su suka shiga gari, kowa ya koma gidansa.

Lugga ya danƙa wa Abbas riƙon gari, ya wuce Sakkwato, wadda ta faɗi ran 15 ga watan Maris. A can ya bayyana wa manyan gari cewa ikon da Fulani suka samu da takobi yanzu ya koma hannun Ingila da takobi, watau naɗa sarakuna da tuɓe su, da aza haraji, da iko da ƙasa, amma ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba. Da ya komo ta Katsina, a farkon watan Afrilu 1903, ya naɗa Abbas Sarkin Kano a kan waɗannan sharuɗɗa. Ba a ƙulla wata yarjejeniya tsakanin Kano da Ingila ba, takardar naɗi kawai aka bayar.

A wannan lokaci Sarkin Musulmi Attahiru yana kan hanyar hijira zuwa gabas, ya ratsa ta kudancin ƙasar Kano, talakawa da malamai da masu sarauta suna barin gonakinsu suna binsa, har aka kashe shi a Burmi ran 27 ga watan Yuli 1903. Tambayar da ta dami malamai ita ce ko ya halatta Musulmi ya zauna ƙarƙashin Nasara. Wazirin Sakkwato Buhari, wanda shi ma ya zauna, ya rubuta risala yana bayyana hujjarsa, cewa malamai sun ba da fatawar a yi musu biyayya a zahiri cikin al'amuran duniya matuƙar ba su hana salla da azumi da sauran shika-shikan addini ba, domin in kowa ya tafi ƙasar Musulunci za ta zama kango. A kan irin wannan fahimta Abbas ya tsaya.

Rikici da Razdan

Razdan na farko da aka ajiye a Kano shi ne Dakta Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Mai Gunduma. Kafin zuwan Turawa hakimai a birni suke zaune, kowane yana da garuruwa a warwatse nan da can, jakadu ne suke kai da komowa tsakaninsa da su, suna tara kuɗin ƙasa. Cargill ya ga wannan tsari yana sa dukiya ta maƙale a hanya, kuma yana tattara iko duka a fada. Saboda haka ya yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma, ya tilasta wa hakimai su fita su zauna a ƙasashensu, ya soke aikin jakadu. Sarki da bayin fada suka ga ana yanke musu jijiya, suka yi ta jan ƙafa.

Ana cikin haka sai fitinar Satiru ta tashi kusa da Sakkwato a watan Fabrairu 1906, inda talakawa da bayi masu gatari da fartanya suka kashe Turawa uku da sojojinsu fiye da 20. A watan Maris aka rushe garin, aka kashe mutane wajen 2,000. A watan Afrilu aka aika da runduna Haɗeja, Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikin garinsa. A wannan shekara kuma aka tuɓe Sarkin Katsina Yero aka naɗa Muhammadu Dikko. Abbas bai motsa ba, Kano ba ta motsa ba, ko da yake Turawa ba su daina zarginsa ba. Ya san sarai cewa in Kano ta tashi abin da ya sami Satiru shi zai same ta, kuma Lakwaja tana nan tana jiran duk sarkin da ya yi gardama a fili.

Duk da haka rikicinsa da Cargill bai kwanta ba. Cikin 1908 Razdan ya ɗauki Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan fada, ya naɗa shi Waziri, ya sa al'amuran mulki su riƙa bi ta hannunsa, aka bar Sarki kusan ba abin da ya rage masa sai suna. A al'adar Kano ba a taɓa jin bawa ya riƙe wannan muƙami ba, kuma kowa ya gane wulakanci ake nufi. Babban ɗan Sarki, Abdullahi Bayero, aka ba shi riƙon ƙasashen da suke kewaye da birni da sarautar Ciroma. Abbas ya haɗiye, bai yi murabus ba, bai kuma ba da wata kafa da za a tuɓe shi ba. Ya bari Turawa su gani da idonsu cewa in ba da hannun Sarki ba haraji ba zai taru yadda suke so ba, umurni kuma ba zai wuce ƙofar ofis ba.

Haka kuwa aka yi. Cargill ya bar Kano cikin 1908, cikin 1909 aka kawo Mista Temple, wanda yake da ra'ayin a yi mulki ta hannun sarakuna. Temple ya sauke Allah Bar Sarki, aka naɗa malami masani, Alƙali Muhammadu Giɗaɗo, ya zama Waziri. Aka tabbatar wa Sarki majalisarsa ta shari'a, hakimai suka koma ƙarƙashinsa, aka kafa baitulmali inda ake zuba rabon Kano na haraji, rabi ke nan a wancan lokaci, sauran rabin kuwa na gwamnati. Daga nan Sarki da hakimai da alƙalai suka zama masu albashi. Wannan shi ne tushen abin da aka sani da En'e, wadda ta riƙe kotuna da 'yan doka da gidan yari har bayan samun 'yancin kai, kafin gwamnatin soja ta karɓe su, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rufe babinta.

Littattafan majalisar shari'ar Abbas, waɗanda aka rubuta da Larabci, wasunsu sun tsira, har wani masani mai suna Allan Christelow ya fassara shari'o'in 1913 da 1914 ya buga su cikin 1994. A cikinsu ana ganin Sarki yana sauraron ƙarar gona da gida da kisan kai da 'yantar da bayi. Ana kuma ganin wata dabara tasa: in hukunci ya fito daga dokar Turawa, sai a rubuta shi da sunan hukuncin zamani, a ware shi daga hukuncin shari'a, domin kada na baya su ɗauka duka abu guda ne.

Ƙasa da haraji

Abin da Abbas bai iya tsarewa ba shi ne iko na ƙarshe a kan ƙasa. Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga cikin 1907, ya sa aka kafa kwamiti a Landan cikin 1908 don ya duba al'amarin filaye a Arewa. Sakamakonsa shi ne dokar 1910, wadda ta ce ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. Dokar tana da fuska biyu. Ta hana baƙi da kamfanonin Turawa sayen gonakin talakawa su mallake, saboda haka manomin Kano ya ci gaba da noma gonar ubansa. Amma kuma ta ba gwamnati ikon ɗaukar fili duk sa'ad da ta ga tana bukata, kuma da ita aka yanka filayen bariki da tashar jirgi da kantuna da Sabon Gari a gabas da ganuwa.

Wannan doka ba ta mutu da mulkin Turawa ba. An sabunta ta cikin 1916, Gwamnatin Jihar Arewa ta sake ta cikin 1962, sa'an nan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa irin wannan tsari a Nijeriya duka, ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamnanta. Unguwa Uku da Gyadi-Gyadi da Tarauni, waɗanda a zamanin Abbas gonaki ne da ƙauyuka a bayan ganuwa, a ƙarƙashin wannan tsari birni ya haɗiye su. Duk mai gidan da yake riƙe da takardar fili mai sa hannun hukuma a waɗannan unguwanni, jikanyar dokar 1910 ce a cikin akwatinsa.

Haraji ma ya sake kama. Aka haɗe kuɗin ƙasa da na shuke da na karofi da sauransu, aka fito da awon gona da taki, malaman taki suna zagayawa suna aunawa suna rubutawa, aka kuma matsa a biya da kuɗin Turawa maimakon wuri. Kasuwar bayi ta birni an rufe ta tun 1903, dokar Turawa kuma ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a 'yanta waɗanda suke hannu gaba ɗaya ba, sai aka bar su su fanshi kansu a gaban alƙali. Wannan sassauci ya yi wa Sarki da masu gandaye daɗi, bayin da suke noma gandayen kuwa suka daɗe suna jira.

Jirgi da gyaɗa da yunwa

Cikin 1909 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta farko a Nasarawa, ana koyar da 'ya'yan sarakuna da malamai da harshen Hausa, ba a kuma koyar da addinin Kirista a cikinta. 'Yan mishan, waɗanda Sarki Alu ya sallama daga Kano cikin 1900, ba su sami izinin kafa tasha a cikin birni ba a zamanin Abbas. Makarantun allo da na ilmi suka ci gaba yadda suke, shi kansa Sarki ya karɓi ɗarikar Tijjaniyya, abin da ya buɗe mata ƙofar fada.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa cikin 1912. Turawa auduga suka sa rai za a riƙa ɗauka zuwa masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka lissafa suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma in an shiga wuya ana iya cinta. Fatake irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya kuma Alhasan Ɗantata, suka shiga tsakanin manoma da kamfanoni, gyaɗa ta cika tashar jirgi har aka rasa wurin zuba ta.

Daɗin bai daɗe ba. Damina ta 1913 ta ƙi, cikin 1914 aka yi yunwa mai tsanani wadda ta kashe dubban mutane a ƙasar Kano, mutanen arewa kuma suka yi ta kwararowa suna faɗuwa a kan hanya. Mutane da yawa sun riga sun sayar da abin da suka noma don biyan haraji, rumbuna ba kome, gudummawar gwamnati kuwa ta zo a makare kuma ba ta taka kara ta karya ba. A nan iyakar ikon Sarki ta fito fili: sarakunan da suna iya sassauta kuɗin ƙasa a shekarar fari bisa ga ganinsu, shi kuwa yanzu sai abin da Razdan ya yarda. A cikin wannan shekara ce aka haɗe Arewa da Kudu, Yaƙin Duniya na Farko kuma ya tashi, aka ɗebi kuɗi daga baitulmalin sarakuna aka taimaki Ingila da su.

Wani shugaba a Kanada

Domin a gane nauyin abin da Abbas ya tsirar da abin da ya kuɓuce masa, yana da amfani a dubi wani shugaba da ya sha irin wannan jarrabawa a wata nahiya, a ƙarƙashin tutar Ingila ɗin nan dai. A yammacin Kanada, inda lardin Albata yake yanzu, akwai mutanen da Turawa suke kira Blackfoot, watau masu baƙar ƙafa. Asalinsu mahaya dawaki ne masu farautar ɓauna, daga gare ta suke samun nama da tufafi da fatar yin bukka. Babban shugaban reshensu na Siksika shi ne Crowfoot, wanda aka haifa wajen 1830, jarumi ne da ya halarci yaƙe-yaƙe da yawa tun yana saurayi.

Shi ma ya auna ƙarfin baƙin da suka zo ya ga yaƙi da su halaka ne. Ran 22 ga watan Satumba 1877 ya sa hannu, tare da sauran shugabanni, a kan yarjejeniya ta bakwai da wakilan gwamnatin Kanada, da sunan Sarauniya Biktoriya. A rubuce, ƙabilun sun sallama ƙasa mai faɗin murabba'in mil wajen 50,000, aka keɓe musu murabba'in mil guda ga kowane gida mai mutum biyar, da dala 5 ga kowane mutum a shekara. Dattawansu kuwa sun daɗe suna cewa su abin da suka fahimta sulhu ne da zaman tare, ba wanda ya gaya musu sayar da ƙasa suke yi.

Shekara biyu bayan haka ɓakane suka ƙare sarai saboda yawan kisa, yunwa ta kama mutanensa, suka koma dogara ga ɗan abincin da jami'an gwamnati suke aunawa. Hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ƙasarsu cikin 1883, baƙi manoma da makiyaya suka biyo ta. Da tawaye ya tashi cikin 1885, Crowfoot ya hana mutanensa shiga, kamar yadda Abbas ya riƙe Kano a shekarar Satiru, ko da yake ɗan riƙonsa Poundmaker yana cikin waɗanda aka ɗaure saboda tawayen. Sakayyar da suka samu ita ce aka hana su fita daga keɓaɓɓen filinsu sai da takardar izini, aka takura bukukuwansu na gargajiya, aka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kwana na 'yan mishan inda ake hana su magana da harshensu. Crowfoot ya rasu ran 25 ga watan Afrilu 1890. Cikin 1910, shekarar da aka yi dokar ƙasa a Arewa, gwamnatin Kanada ta karɓe kusan rabin filin da ya rage wa Siksika ta sayar wa baƙi. Sai cikin 2022 ta amsa laifinta a kan wannan, ta yarda ta biya su diyyar dalar Kanada biliyan 1.3.

Shugabannin nan biyu hanya guda suka bi, amma sakamakon ya bambanta, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Gwamnatin Kanada ƙasar kanta take so domin ta zuba mutanenta, saboda haka 'yan ƙasa sun zame mata cikas. A Kano kuwa Turawa 'yan ƙalilan ne, ba zama suka zo yi ba, haraji da amfanin gona suke so, waɗannan kuwa ba su samuwa sai manomi yana gonarsa, sai kuma da sarki da hakimai da alƙalai da malamai masu rubutu waɗanda suka iya tafiyar da ƙasa tun kafin a san Bature. Abincin mutanen Crowfoot ya ƙare da ƙarewar ɓauna, gero da dawar Kano kuwa suna nan. Wannan sa'a ce da Abbas ya tarar, ba shi ya ƙirƙire ta ba. Abin da yake nasa shi ne ya gane Turawa suna bukatarsa, ya yi haƙuri a lokacin da aka wulakanta shi, ya kuma yi amfani da wannan bukata ya komo da shari'a da hakimai hannun fada. A ɗaya gefen kuma, takardar yarjejeniyar da ba ta hana a ƙwace filin Siksika ba ita ce ta zama hujjar jikokinsu bayan shekara ɗari, Kano kuwa da aka ci da yaƙi ba ta da irin wannan takarda.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Sarki Abbas ya rasu a Nasarawa cikin watan Mayu 1919, yana kan gadonsa. Wannan kaɗai abin lura ne in aka tuna cewa Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda aka naɗa a shekara guda da shi, tuɓe shi aka yi daga baya aka kai shi Lakwaja. Ɗan'uwansa Usman ya gaje shi har 1926, sa'an nan ɗansa Abdullahi Bayero ya hau ya yi sarauta har 1953. Wani ɗan nasa, Muhammadu Inuwa, ya yi sarauta cikin 1963. Tun daga 1926 duk wanda ya hau gadon sarautar Kano daga tsatson Abbas ya fito.

Masu sukarsa suna cewa a hannunsa ne sarauta ta zama ma'aikaciyar gwamnati, mai tara wa baƙo haraji, kuma ikon naɗawa da tuɓewa da ya amince wa Lugga shi ne gwamnatocin 'yan ƙasa suka gada, suka yi aiki da shi a kan jikansa Sarki Muhammadu Sanusi cikin 1963. Wannan gaskiya ce. Gaskiya ce kuma cewa ƙarfin da En'e ta samu a zamaninsa ya yi wa talaka nauyi, har ya zama abin da 'yan NEPU suka tashi yaƙi da shi daga 1950. Masu yabonsa kuwa suna nuna birnin da ba a rushe ba, da dubban mutanen da ya komo da su ta Ƙofar Kansakali da ransu, da kotunan alƙalai da makarantun allo da suka ci gaba da aiki, da gonakin da suka zauna a hannun masu su. Waziri Ahmadu da Wambai Abbas 'ya'yan mutum guda ne, a rana guda suka tsaya a gaban shawara guda, ɗaya ya zaɓi shahada, ɗaya ya zaɓi ɗaukar nauyin waɗanda suka rage, Kano kuwa tana bin kowannensu addu'a.

Allah ya jiƙan Sarki Abbas da sauran magabatanmu, ya gafarta musu kurakuransu, amin.